Daga Kara Zuwa Bakin Challawa: Wa Ke Duba Cikin Jirginmu?

A ƙarshen daminar bana na tashi daga Kara, a ƙaramar hukumar Gwarzo, na nufi madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Ƙaraye. Dawa ta yi kai, gero na jiran lauje, hanya kuwa sai mashina ɗauke da buhunan masara. A mota wani matashi ya nuna mini bidiyon wani ƙaramin jirgin ruwa na alfarma mai ɗaukar masu hannu da shuni ɗari da 'yan kai, yana yawo tsakanin tsibiran Seshel a tekun Indiya. An ce bai daɗe da fitowa daga gyara ba. Matashin ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Malam, su kam sun huta."

Ni kuwa kalmar gyara ce ta tsaya mini a rai. Irin wannan jirgi yana ƙarƙashin yarjejeniyar SOLAS, wadda aka fara ƙullawa a 1914 bayan nutsewar Titanic a 1912. Ƙa'idar ita ce a duba ƙasan jirgin fasinja kowace shekara, kuma aƙalla sau biyu cikin shekara biyar a shigar da shi ramin kankare, a zuƙe ruwan, a bincike shi a busashe. Sabbin labule da kujeru ado ne kawai. Abin da attajirin ke saye da kuɗinsa shi ne tabbacin cewa wani ya leƙa inda shi ba zai gani ba.

Da hantsi muka isa. An kammala wannan madatsa a 1992, kuma in ka tsaya a gaɓarta sai ka ce teku ce ta yi ɓatan kai ta faɗo ƙasar Kano. Can gefe na tarar da wani dattijon masunci ya kife kwale-kwalensa, yana cusa tsumma a tsagar katako yana bi da narkakkiyar kwalta.

"Sannu da aiki, Baba. Yaushe rabonka da gyara shi?"

"Yauwa, ɗana. Ranar da ya fara shan ruwa, ranar nake gyarawa."

Ya ɗauke ni muka ɗan zaga. Iska na kaɗawa, balbelu na tashi daga gaɓa, babu ƙarar komai sai ta filafili. Ban ga abin da Seshel za ta nuna wa wannan safiya ba. Amma ƙafata na cikin ruwa, yaronsa yana kwalfewa da gwangwani, kuma babu rigar ceto ko ɗaya a jirgin.

Nan na tuna Bagwai. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da mutanen da suka taso daga Badau, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Aƙalla rai 29 ya salwanta. Allah Ya jiƙansu. Muna da Tiga, da Watari, da Challawa, da Guzu-Guzu a Kabo; mun gina ruwa, amma ba mu gina al'adar kula da abin da ke yawo a kansa ba.

Ba jirgin alfarma nake roƙa wa Kano ta yamma ba. Roƙona ga ƙananan hukumomi da sarakunan ruwa da hukumar NIWA ƙarami ne: kafin kowace damina a kife kowane jirgin haya a duba shi, a rubuta adadin mutanen da zai ɗauka a jikinsa, a tanadi rigar ceto ga kowane fasinja. Kuɗin duk wannan bai kai na makoki ɗaya ba.

Da zan tafi, dattijon ya sake kife jirginsa a rana, ya ɗora gwangwanin kwalta a wuta. Ya ce gobe kasuwa, kuma akwai mata da yara da za su haye.