Jinyar Yaya

Ƙari a ƙwaƙwalwa ba ya shigowa da sallama. Na Yaya da ciwon kai na asuba ya fara, sai amai, daga baya faɗuwa irin ta farfaɗiya. A unguwarmu nan Dutse, kowane mai dubiya da tasa fassarar: wannan ya ce iska, wancan ya ce sammu. Ba na ganin laifinsu, don da rubutu da tofi suka zo, kuma da zuciya ɗaya. Hoton MRI ne ya raba gardama. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, saboda haka duk abin da ya tsiro a ciki, ko ba na daji ba ne, sai ya danne ƙwaƙwalwa.

Daga nan hanyar Kano ta Wudil ta zama tamu, zuwa wurin likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano. Gonar gado ta tafi a kuɗin aiki da magani, ba wanda ya yi ƙorafi.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne sauyin hali. Likita ya ce ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa ke riƙe da kunya da haƙurin mutum, kuma nan ƙarin ya zauna. Yaya, wanda bai taɓa ɗaga ido ya kalli Inna ba, yau shi ke yi mata tsawa. Nakan ce, "Inna, ki yi haƙuri, ciwon ne." Takan ce ta sani, ta miƙa masa kunun, sai ta shige ɗaki ta yi kukanta.