Karatun Yaro Daga Tsakar Gida Yake Tashi

Ƙasar Zamfara ba baƙuwar ilmi ba ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi shekaru yana yawon wa'azi a cikinta tun kafin jihadin 1804. 'Yarsa Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'yan taru, watau matan da ke zuwa ɗaukar karatu su koma ƙauyukansu su koyar a cikin gidaje. Bayan zuwan Turawa boko ya shigo, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, aka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, sa'an nan a 1976 aka buɗe firamare kyauta ga kowane ɗa. Duk da wannan, a Moriki da ƙauyukan Zurmi da Shinkafi akan sami yaro ya shekara uku yana zuwa makaranta, amma in aka rubuta masa sunansa sai ya tsaya yana kallo.

In haka ta faru, yawancin iyaye malami suke ɗora wa laifi. Amma malami ɗaya ne a gaban yara masu yawa, daga hantsi zuwa azahar kaɗai yake ganinsu, ba kuma kullum makarantar take buɗe ba. An rufe ta a 2020 saboda annobar korona, a watan Satumba na 2021 kuma gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe makarantu saboda satar ɗalibai. Tsakar gida ce kaɗai ba a taɓa sa mata kwaɗo ba, ita ce kuwa aka fi sakewa da ita wajen karatu. In an yi magana, sai uba ya ce shi bai yi boko ba, uwa ta ce ita me ta sani.

Labarin wata mata a Moriki ya isa amsa ga wannan uzuri. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, tana sana'ar ƙuliƙuli, ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba. Wata rana wanta ya aiko mata da takarda daga Ƙaura Namoda a kan rabon gonar gado. Ta kira yaron maƙwabta ya karanta mata, kafin magariba duk unguwa ta san abin da aka ba ta da abin da aka hana ta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta ƙudurta a ranta cewa autanta, wanda a lokacin bai cika shekara biyar ba, ba zai kai asirinsa gaban wani ba.

Da abin da take da shi ta fara, watau bakinta. Kowane dare takan yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, amma ba ta barinsa ya saurara kawai. In ta kai tsakiya sai ta tsaya ta tambaye shi me yake tsammani Gizo zai yi, gobe kuma shi zai maimaita mata labarin tun daga farko. Ta haka yaron ya tara kalmomi, ya saba da cewa zance yana da kai yana da gindi. Wannan ba ƙaramin guzuri ba ne, gama yaron da bai san kalma da kunnensa ba, ko ya haɗa baƙaƙenta da idonsa, ƙara kawai ya fitar, bai karanta kome ba.

Bayan wannan ta roƙi 'yar ƙanwarta mai zuwa firamare ta riƙa rubuta baƙi ɗaya da gawayi a jikin bangon madafi, ranar Alhamis da ranar Jumma'a. Yaron ya riƙa kwaikwaya da tsinke a cikin rairayi, sa'an nan uwar ta aike shi farautar wannan baƙin a jikin buhun taki, da kwalin ashana, da gwangwanin madara. In ya samo, sai ta ce shi ne malaminta yau, ya koya mata. Wata rana ta nuna wani baƙi ta ce ka ce. Yaron ya yi dariya ya ce, "Inna, wannan ƙa ce, ba ki ga lanƙwasar kanta ba?" Ta ce, "To, Malam, Allah ya gafarta, a sake biya mini." Kafin ya shiga aji biyu yana karanta mata saƙon da ke shigowa wayarta, ita ma ta iya rubuta sunanta.

Wanda ya duba da kyau zai ga ba wata sabuwar dabara matar nan ta ƙago ba, hanyar makarantar allo ce ta bi. A can almajiri yakan fara da babbaƙu, ya san kowane harafi da sunansa na Hausa, su ba guje da mim jaye da ha kuri. In sun zauna masa sai ya shiga farfaru, ya koyi wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a, bayan nan ya soma haɗawa. Duk uban da ya taɓa riƙe allo ya san wannan tsani, bokon Hausa kuwa shi yake bi: baƙi, sa'an nan wasali, sa'an nan gaɓa, ba, be, bi, bo, bu, har a kai ga kalma. Wasulan biyar ne kacal. Abin da ya fi bukatar lura shi ne baƙaƙe masu ƙugiya, domin ƙugiyar nan ita ta raba baki da baƙi, ta raba kafa da ƙafa, ta raba fada da faɗa. Wannan wasa ne da uwa za ta yi da ɗanta tana tankaɗe, ko ba alli ba takarda.

Akwai al'ada guda da ya kamata a yi wa dabara, ita ce kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, sai ya tashi da ƙarancin mai yi masa magana. In kunya ta hana uwa, to, kaka ko goggo ko kishiyar uwa ta ɗauki wannan aiki. Haka kuma yarinya mai talla, a ba ta rabonta na karatu kamar na wanta, gama ita ce malamar gidan da za ta je.

Maigida kuma nasa aikin a zaure yake. In ya iya karatu, ya riƙa karantawa da ƙarfi yara suna ji, yana bin layi da yatsa domin su gane cewa maganar daga takardar take fitowa, su ga kuma boko daga hagu yake tafiya, ajami daga dama. Littafi irin Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya isa hirar damina guda. In bai iya ba, ya ce a kawo masa littafin makaranta ya gani, ya sa yaro ya biya masa, ya sa masa albarka. Ran kasuwa, kamar yadda yake sayo tsire ko rake, wani lokaci ya sayo fensir da littafin rubutu. Kada ya haɗa karatun gida da bulala, kada kuma ya tsawaita shi. Gwargwadon shan fura a kullum ya fi wuni guda a wata, da yayyafi kogi kan cika.

Yaron da aka yi wa haka zai shiga aji da saninsa, malami ya sami inda zai ɗora. In ya girma shi zai karanta takardar gonarsa, ya duba awon maganin ɗansa, ya san abin da yake sa wa hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba iyaye ikon sauke wannan amana, amin.