Idan Fuskar Kwamfuta Ta Yi Duhu

Yau kwamfuta ta zama rumbu a gidaje da makarantunmu da yawa. A cikinta ake ajiye sunayen ɗalibai, da lissafin kuɗin ƙungiya, da hotunan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya. Saboda haka ranar da aka kunna ta, fanka yana juyawa, fitila tana ci, amma fuskarta ta yi baƙi ƙirin, sai hankalin maigida ya tashi kamar an ce rumbunsa ya kama wuta.

Abin da muke so mu tabbatar muku shi ne, duhun fuska ba mutuwar kwamfuta ba ne. Ajiyarku tana cikin faifan ajiya, hoto kuwa wata hanya yake bi daban: daga katin hoto, wanda masu gyara a nan suke ce wa kart girafik, zuwa igiya, zuwa gilashin kallo. Ko'ina a cikin ukun nan hanya tana iya yankewa, ba tare da harafi ɗaya ya ɓace daga faifai ba.

Mun ga haka a hunturun 2023, da kwamfutar da ke zauren mahaifinmu. A cikinta huɗubobinsa na Juma'a suke, da rajistar ɗaliban Islamiyya, ga kuma walimar saukar Alƙur'ani saura mako guda, ba a buga takardun shaida ba. Kwanaki kafin nan takan nuna ratsi-ratsi masu launi da ɗigo-ɗigo, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya. Masu ba da shawara suka yi yawa. Wani ya ce a sayi sabuwa, wani ya ce a goge faifan a sake zuba masa manhaja. Malam ya tuna mana cewa Suratul Hujurat ta hore mu da bin diddigin labari kafin yanke hukunci, ya ce ko ƙarfe ba a hukunta shi sai da shaida.

Sai muka fara daga mai araha zuwa mai tsada. Muka kai gilashin gidan maƙwabci aka jona shi da tasa kwamfutar, ya nuna hoto sarai, ya fita daga zargi. Muka canza igiya, domin mai shuɗin kan nan da ake kira VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, allurai 15 gare ta, kuma lanƙwashewar ɗaya ta isa ta ɓata hoto. Duhu bai gushe ba. Sai muka kasa kunne. Tsofaffin kwamfutoci sukan faɗi ciwonsu da ƙara lokacin tashi, kuma a yawancinsu ƙara ɗaya doguwa da biyu gajeru tana nufin matsalar hoto. Abin da muka ji ke nan. Na zamani da yawa ƙananan fitilu ne suke da su a madadin ƙarar, kuma littafin da ya zo da na'ura yana fassara su.

Kafin buɗe akwati, wajibi ne a zare wayar wuta daga bango, a danna maɓallin kunnawa don sauran wutar ta fita, a kuma taɓa ƙarfen akwatin da hannu. Ɗan tartsatsin nan da yake fita daga jikin mutum lokacin bushewar hunturu, wanda ba ya cutar da yaro, yana iya kashe kati. Da muka buɗe, sai ga ƙura ta daskare a fankan katin kamar saƙar gizo-gizo, ya kasa ko motsi. Zafi ya daɗe yana dafa shi ba mu ji ba. Muka kwance kusar da ke riƙe da shi, muka danna ɗan maƙullin da ke ƙarshen raminsa, muka zare shi a hankali, muka mayar da igiyar gilashi a kafar hoto ta uwar katin kanta. Muna kunnawa sai ga rubutu ya bayyana. Gani ya kori ji. Abu na farko da muka yi shi ne kwafe rajista da huɗubobi a wani faifai.

Wanda zai sayi sabon kati ya lura da abu huɗu. Na farko rami: AGP na 1997 ya daɗe da shuɗewa, PCI Express ne ya gaje shi tun wajen 2004, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Na biyu wuta: ramin PCI Express wat 75 kawai yake bayarwa, katin da ya fi haka ci sai an ƙara masa waya mai baki 6 ko 8, kuma sai tukunyar wutar kwamfutar ta iya ɗauka. Na uku girma, domin siririn akwati ba ya karɓar dogon kati. Na huɗu kafar fita, ko VGA ce, ko DVI, ko HDMI, ta dace da gilashinku. Idan na hannu ne, a gwada shi gaban mai sayarwa. Bayan an dasa shi, a ɗauko manhajar da ke tafiyar da shi daga kamfanin da ya ƙera shi, ko Nvidia ko AMD ko Intel.

Mu dai ƙaramin kati muka saya, wanda ba ya neman ƙarin wuta, tunda aikinmu rubutu ne. Mai irin wannan aiki, idan kafar uwar kati tana ba shi hoto, ko bai sayi komai ba ya wadatu; kashe kuɗi a kan abin da ba a bukata ɓarna ce.

Nasiharmu ita ce a ɗaga akwatin kwamfuta daga ƙasa, a hure masa ƙura bayan kowane hunturu, a rufe shi da ƙyalle idan an kashe shi, a kuma riƙa ajiye kwafin abin da yake amana a wuri na biyu. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya sanya albarka a cikin abin da Ya hore mana, amin.