Ranar da Fagam Ta Ɓace daga Taswira

Wata ma'aikaciyar ƙididdiga, haifaffiyar Fagam ta Ƙaramar Hukumar Gwaram a Jihar Jigawa, ta zauna gaban kwamfuta da kaya iri biyu: jadawalin yaran da aka yi wa rigakafi a kowace mazaɓa, da taswirar iyakokin mazaɓun. Ta haɗa su a manhajar R da umarnin left_join. Sara ta fito da launinta, Basirka da Kila ma haka. Fagam kuwa fari fat.

Da baƙo ne, da ya wuce abinsa. Ita kam a can aka yanke mata cibiya, ta kuma san masu rigakafi sun zagaya garin gida-gida.

Laifin na rubutu ne. Kwamfuta haruffa take kwatantawa, ba ta san gari ba. A jadawali an rubuta FAGAM da manyan baƙaƙe, a taswira kuma Fagam. A wurin R waɗannan sunaye biyu ne daban, don haka ta bar gurbin babu komai, ba ta ce uffan ba.

Irin wannan tarko yana da yawa. Wani zai rubuta Birnin Kudu, wani Birnin-Kudu, wani ya manne kalmomin. Cikin ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya akwai masu suna ɗaya: Nasarawa tana Kano tana kuma Jihar Nasarawa, Bassa tana Filato tana Kogi. Wanda ya haɗa da suna kaɗai zai ga layuka sun ninku. Tsohuwar taswira ma tana yaudara, domin kafin 27 ga Agusta, 1991, babu Jigawa. Birnin Kudu da Fagam duk a Jihar Kano suke.

Tun ranar ta ɗauki ƙa'idoji uku. Da lamba take haɗawa, irin wadda hukumar zaɓe ta INEC ke bai wa kowace jiha, ƙaramar hukuma da mazaɓa. Tana ƙirga layuka kafin haɗi da bayansa. Sannan tana kiran anti_join ya nuna mata duk sunan da bai sami abokinsa ba.

Tana yin haka ne saboda mai raba allura a Dutse ba shi da lokacin bin jadawali layi-layi. Taswira yake dubawa. Farin gurbi zai iya sa ya zargi ma'aikatan da suka yi aikinsu, ko ya tsallake garin a rabo na gaba. Ta gyara haruffan, ta sake haɗawa, Fagam ta dawo tsakanin maƙwabtanta.