Ba a fafe gora ranar tafiya: ƴar radiyon hannu a jakar matuƙin jirgin sama

Madugun ayarin gishiri da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Fashi da Bilma ba ya tafiya da salka ɗaya, ba ya kuma dogara da alamar hanya ɗaya. In iska ta share sawun raƙuma sai ya dubi taurari, in ƙura ta rufe taurari sai ya karanta kwanciyar tuddan yashi. Matuƙan jiragen sama, duk da tarin na'urorin da ke gabansu, suna da irin wannan ɗabi'a. Da yawa daga cikinsu, musamman masu tuƙa ƙananan jirage, sukan ajiye wata ƴar radiyo a jaka, mai kama da wadda jami'an tsaro ke riƙewa, wadda wasu ke kira oba-oba. Nauyinta bai kai rabin kilo ba, tana da batirinta na kanta, kuma babu wata waya da ta haɗa ta da lantarkin jirgi. Takan yi shekara a jaka ba a nemi taimakonta ba.

Dalilin ɗaukar ta yana cikin ƙirar jirgin kansa. Injin ƙaramin jirgi mai farfela yana samun tartsatsin wuta daga wasu na'urori biyu da ake kira maganeto, waɗanda ba su buƙatar batir. Sauran kayan kuwa, wato radiyo da fitilu da na'urorin nuna hanya, duk a kan dinamo da batir suke. Saboda haka ranar da dinamo ya mutu, batir ya biyo bayansa, injin zai ci gaba da ruri lafiya lau, jirgi na tafiya, amma matuƙi ya zama kurma kuma bebe a lokaci guda. Ba ya jin hasumiyar filin jirgi, ita ma ba ta jin sa. Wanda ya tashi daga Yamai zuwa Agadas, tafiyar sama da kilomita 700, in haka ta same shi a tsakiyar hanya, ba shi da wanda zai gaya masa ko yanayi ya sauya a gabansa, ko wani jirgi na kan layin da zai sauka.

Dokokin sufurin sama na duniya sun yi tanadi domin irin wannan rana. Matuƙin da radiyonsa ta lalace yakan sa lamba 7600 a na'urar da ke sanar da rada ko wane jirgi ne, sai ma'aikatan ƙasa su gane halin da yake ciki. In ya iso filin jirgi, hasumiya takan yi masa magana da fitila: kore mai ɗorewa izinin sauka ne, ja mai ɗorewa na nufin ya ba wani hanya ya ci gaba da kewaye, ja mai ƙiftawa kuwa gargaɗi ne cewa filin ba shi da aminci. Tanadin yana da kyau, sai dai yana da iyaka. Na'urar da ke aika lambar ita ma da lantarkin jirgi take aiki, in wuta ta ɗauke gaba ɗaya ta tafi da ita. Fitilar hasumiya kuma ido ke ganin ta, duk wanda ya san hazon hunturu a Damagaram ko Tawa, lokacin da rana kanta ke komawa kamar faifan azurfa, ya san iyakar abin da ido ke iya yi a waɗannan watanni.

A nan ne ƴar radiyon ke shigowa. Tana magana a zangon da aka keɓe wa jiragen sama, daga megahats 118 zuwa 137, zangon da hasumiyoyin duniya duka ke aiki da shi. Muryar wannan zango tana tafiya ne a miƙe kamar haske, ba ta bin lanƙwasar ƙasa, don haka nisanta ya danganta da tsawon da aka hau. Mutumin da ke tsaye a kan yashi da radiyo a hannu, in wani mai tsaye irinsa yake nema, ƴan kilomita kaɗan muryarsa za ta kai. Wanda ke mita 3000 a sama kuwa, sararin da ke buɗe a gabansa ya zarce kilomita 200, ko da yake ƙarfin ƴar radiyon bai kai na radiyon jirgi ba, kuma ƙarfen jikin jirgi yakan danne muryar in ba a jona ta da eriya ta waje ba.

Akwai lamba ɗaya da kowane matuƙi ya haddace kamar sunansa: 121,5. Ita ce zangon neman agaji. Manyan jiragen da ke ratsa samaniyar Sahara tsakanin Turai da ƙasashen Afirka, a tsawon kilomita goma ko fiye, sukan bar kunne ɗaya a kan wannan zango. Matuƙin da ya yi saukar dole a tsakiyar hamada, inda salula ba ta kama komai, yana iya kiran jirgin da ke wucewa can sama, ko da idonsa bai gan shi ba, shi kuma ya isar da saƙon ga ma'aikatan ƙasa. Abin lura guda shi ne, tun ranar 1 ga watan Fabrairu na 2009 taurarin ɗan Adam na tsarin ceto na Cospas-Sarsat suka daina sauraron 121,5, suka koma kan megahats 406. Kenan ƴar radiyon ba ta maye gurbin na'urar kiran agaji ta 406 ba. Waccan tana faɗin inda mutum yake, wannan tana ba shi damar faɗin halin da yake ciki, mutum nawa ne, wa ya ji rauni, ruwa nawa ya rage.

Hamada ta sha nuna abin da rashin murya ke jawowa. Malaman Faransanci sun san labarin Antoine de Saint-Exupéry, wanda jirginsa ya faɗi a hamadar Libiya ranar 30 ga watan Disamba na 1935, shi da makanikinsa André Prévot, suna ƙoƙarin zuwa Saigon daga Paris. Babu radiyo a jirgin. Sun yi kwanaki suna fama da ƙishirwa har wani Balaraben ƙauye ya tsince su, abin da marubucin ya ba da labarinsa a littafin Terre des hommes na 1939. Su Allah ya yi da sauran kwana.

Labarin jirgin yaƙin Amurka mai suna Lady Be Good ya fi wannan ɗaci. Ranar 4 ga watan Afrilu na 1943 ya tashi daga Suluk, a Libiya, da mutum tara, domin kai hari a birnin Napoli. A hanyar dawowa cikin dare, matuƙin ya sanar cewa na'urarsa ta neman hanya ta lalace, ya nemi tashar ƙasa ta ba shi layi. Tashar ta ba shi, amma kayan aikinta ba su iya rarrabe ko jirgin yana gabanta ne a kan teku ko ya riga ya wuce ta ba. Jirgin ya tsallake sansaninsa ya nausa kudu har kimanin kilomita 700 cikin hamada. Da mai ya ƙare suka diro da laima, ɗaya ya rasu a wurin, takwas suka kama tafiya arewa da ruwan da bai cika gora ɗaya ba, suna zaton teku na kusa. Babu wanda ya tsira. Masu neman man fetur ne suka hango tarkacen jirgin a 1958, kuma da aka isa wurin aka tarar da ruwa da abinci a ciki, radiyonsa ma tana aiki, a nisan da bai kai kilomita 30 ba kudu da inda suka diro. Muryar da za ta cece su tana manne a jikin jirgi, su kuwa sun rabu da jirgin.

Ruɗanin da ya ɓatar da su shi ne abin da tashoshin VOR suka zo suka warware bayan yaƙin. Waɗannan tashoshi na ƙasa suna aiki tsakanin megahats 108 da 118, kowace tana faɗin sunanta da bugun Morse, tana kuma raba kewayenta gida 360 kamar tsinken keke. Na'urar da ta kama ta za ta nuna wa matuƙi a kan wane tsinke yake, ta kuma nuna ko layin da ya zaɓa tashar yake kai shi ko nesa da ita. Radiyoyin hannu da yawa na kamfanoni irin su Icom da Yaesu suna kama waɗannan tashoshi, wasu ma an haɗa musu GPS. Mai tambaya zai ce, me ake da tsohuwar hanya tun da tauraron ɗan Adam ya zo? Amsar ita ce, a shekarun baya-bayan nan, musamman tun daga 2022, matuƙa sun yi ta kai ƙarar dagula saƙon GPS a gabashin Turai da Gabas ta Tsakiya. Hanya biyu da ba su dogara da juna ba sun fi hanya ɗaya komai kyanta.

Mallakar radiyon kaɗai ba ta wadatar. Zafin bazara yana cinye batir ko ba a kunna shi ba, shi ya sa masu hankali ke ɗaukar ƙarin gidan batir mai cin pil irin na kanti. Ƙarar injin ba ta barin a ji ƙaramar lasifika, sai an tanadi wayar da ke haɗa radiyon da abin sawa a kunne. Zangunan filayen da za a bi, a shigar da su tun ana ƙasa, domin mutumin da ke riƙe da sandar tuƙi cikin tashin hankali ba shi da hannun neman lamba a takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan na'ura kuma sai harshe. Kalmar Mayday, wadda ake maimaitawa sau uku in rai na cikin hatsari, daga Faransanci ta fito, daga m'aider. Pan-pan, ta matsalar da ba ta kai ga halaka ba, daga panne take, kalmar da duk direban tasha a Maraɗi ya sani. Bayan kiran, matuƙi zai faɗi sunan jirginsa, da abin da ya same shi, da abin da yake niyyar yi, da inda yake, a taƙaice kuma a jere. Mutanen da ke amsa masa daga ƙasa, da yawansu a Yamai suka koyi aikin, a makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, hukumar da aka kafa a Saint-Louis ta Senegal a 1959 domin kula da samaniyar ƙasashen Afirka da dama.

Ɗalibin da zai zauna a waccan hasumiya ko a kujerar matuƙi gobe, yau yana aji a Tasawa ko Birnin Ƙonni, kuma duk iliminsa na hanya yana cikin salular da ke aljihunsa. Malamin da ya tilasta masa karanta taswirar takarda, ya koya masa gane arewa da busol da kuma taurari, ya hore shi ya faɗi abin da ke damunsa cikin jimla uku bayyanannu a Hausa da Faransanci, ya ba shi abin da zai koma kansa ranar da allon salular ya yi duhu.