BINCIKEN ƘOFA A WANI GIDAN WASA NA AMURKA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani wuri da na ziyarta a ƙasar Amurka, da yadda a ke tsaron rayukan baƙi a can. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na sha jin mutanenmu suna cewa ba za su kai iyalinsu irin wuraren nan ba. Waɗansu don tsoron shiga taro a wannan zamani na tashin bam da harbe-harbe, waɗansu kuwa don gudun kada a tsare su a ƙofa, a zazzage musu kaya gaban jama'a saboda an gan su da babbar riga, ko an ga matarsu da lulluɓi. Duka biyu abin dubawa ne, gama ba mai so ya biya kuɗinsa ya sayo fargaba ko wulaƙanci.

Sunan wurin Walt Disney World, yana cikin jihar Fulorida, kimanin mil 20 kudu maso yamma da birnin Olando. An buɗe shi ran 1 ga Oktoba 1971, kusan shekara biyar bayan rasuwar mai shi, watau Walt Disney, wansa Roy ne ya ƙarasa aikin. Ko da ya ke gidan wasa a ke ce masa, amma gari ne sosai, don faɗinsa ya kai eka 25,000 ko kusa da haka, da tafkuna, da dazuzzuka, da hanyoyin mota, da masaukan baƙi fiye da 20. Manyan filayen wasa huɗu ne a ciki. Na fari shi ne Magic Kingdom, sa'an nan aka buɗe Epcot a 1982, da wanda a ke kira Hollywood Studios a 1989, da Animal Kingdom, inda a ke kallon namun daji, a 1998. Magic Kingdom kaɗai, mutanen da suka shige shi cikin shekarar 2023 sun fi miliyan 17. To, jama'a, ku duba wannan taro. Wanda duk ya tara mutane haka, lalle ya ɗauki amana mai nauyi.

Ga yadda a ke shiga. In mutum ya zo da mota zai tafi Magic Kingdom, ba ya isa bakin filin da motarsa. Nesa zai ajiye ta, a ƙetaren wani tafki wanda mutane suka haƙa, nan ne kuma a ke binciken jama'a kafin su hau jirgin fito, ko wani jirgin ƙasa mai tafiya bisa dogo guda ɗaya a sama, wanda zai kai su ƙofa. Hikimar wannan a fili ta ke: an raba wurin bincike da wurin cunkoso, har wa yau ba mai hawa jirgin sai wanda aka riga aka duba.

Shi binciken kuwa ba tsayawa a ke yi ba. Akwai waɗansu ginshiƙai biyu a tsaye kamar dogaran ƙofa, sai mutum ya ratsa tsakaninsu da jakarsa a kafaɗa, yana tafiyarsa. Na'urar da ke ciki tana gane ƙarfe da siffarsa, tana nuna wa mai gadi a wani ɗan allo. In ba ta ga kome ba, shi ke nan, ka wuce. In kuwa ta nuna ka, sai mai gadi ya yi maka sannu, ya ce ka ratse gefe wajen wani tebur, a buɗe jakar a duba, a mayar maka. Masu laima da masu gidan tabarau na ƙarfe a kan ce su fito da su su riƙe a gabansu, don kada na'urar ta ɗauke su wani abu dabam. Ni dai da riga da hula na ratsa, uwargida da hijabinta, yara na biye, ba wanda ya ce in tuɓe hula, ba kuma wanda ya taɓa jikin wani daga cikinmu. A gabana aka ratsar da wani dattijon Bature mai furfura, aka sami 'yar wuƙar aljihu a wajensa, aka gaya masa da fara'a ba a shiga da ita, ya juya ya mayar mota. Daga can gefe ga 'yan sandan gunduma da kayan sarki, ga karnuka masu sansanar kaya, akwai kuma masu gadi da ke yawo cikin jama'a da tufafi irin na kowa.

Da mutum ya isa ƙofar filin sai ya nuna tikitinsa ga wata na'ura, ya dangwala yatsa ɗaya. Kada wannan ya tsorata kowa. Amfaninsa a haɗa tikiti da mai shi, don kada mutum biyu su shiga da tikiti guda.

Abubuwan da aka hana shiga da su a rubuce su ke, kowa na iya karantawa tun yana gida: bindiga da harsashi, da wuƙa kowace iri, da barkonon fesawa, da bindigar wasan yara mai kama da ta gaske, da giya, da kwalabe in ban da 'yan ƙanana na abincin jarirai, da ɗan jirgin sama marar matuƙi, da doguwar sandar nan ta ɗaukar hoto da waya. Amma an yarda mutum ya shiga da guzurinsa na abinci da ruwan sha, wannan kuwa sauƙi ne babba ga Musulmi mai kula da abin da zai ci. Mai karatu ya sani fa, hana bindiga a wurin nan ba ƙaramin abu ba ne, gama tun daga ran 1 ga Yuli 2023 dokar Fulorida ta yarda baligin da ya cika sharuɗɗa ya ɗauki bindiga a ɓoye ba tare da takardar izini ba. Sai dai wurin mallakar kamfani ne, mai gida kuwa shi ke da ikon faɗin abin da za a shigo masa da shi.

Ruwa ba ya tsami banza. Kusan kowace doka ta ƙofar nan, wani baƙin ciki ne ya haife ta. Shekara talatin ana shiga wurin ba a buɗe jakar kowa. Ran 11 ga Satumba 2001, da aka kai hari da jiragen sama a Niyok da Washinton, aka sallami baƙi aka rufe filayen a ranar, da aka sake buɗewa kuwa sai ga tebura a ƙofa ana duba jakunkuna. A 2003 gwamnatin Amurka ta hana jiragen sama ratsawa ta bisa wurin ƙasa da ƙafa 3,000, cikin kewayen kimanin mil 3. Ran 13 ga Nuwamba 2015 aka kashe mutum 130 a Faris, babban birnin Faransa, ran 2 ga Disamba kuma aka kashe 14 a wani gari na jihar Kalifoniya. Ba a ƙare watan ba, ran 17 ga Disamba, aka kafa na'urorin gane ƙarfe a ƙofofin, aka daina sayar da bindigogin wasa, aka kuma hana duk wanda ya kai shekara 14 shiga da shigar dodanni ko ta 'yan wasa, sai a waɗansu bukukuwa na musamman. Ginshiƙan nan da na ambata, waɗanda a ke ratsawa ba tsayawa, a 2020 aka fara sa su, lokacin annobar korona, sa'ad da ba a son cunkoso da yawan taɓa kayan mutane.

Masaukan ma suna da tasu ƙa'ida. A bakin hanyar mota akwai ɗakin mai gadi, yana tambayar suna da katin shaida kafin ya ɗaga sanda. Ran 1 ga Oktoba 2017 wani mutum ya tara bindigogi a ɗakinsa na otel a birnin Las Begas, ya buɗe wuta daga bene na 32 bisa taron masu kallon waƙa, mutum 58 suka mutu a lokacin. Cikin Disamba na shekarar nan sai masaukan Disney suka fara janye ɗan allon da baƙo kan rataya a ƙofa don kada a dame shi, suka sa wani mai nuna cewa da mutum a ciki, suka kuma sanar ma'aikaci na da ikon leƙa kowane ɗaki kowace rana, bayan ya ƙwanƙwasa ya faɗi ko shi wane ne. Mu da mu ke kishin shigar baƙo inda iyali su ke, ya kamata mai gida ya san da wannan tun da wuri, ya shaida wa iyalinsa, ya kuma yi magana da masu karɓar baƙi a kan lokacin da ya fi musu dacewa.

To, Malam Edita, ga abin da na fahimta. Abin da ya kwantar mini da rai a wurin nan ba yawan masu gadi ba ne, gama akwai wuraren da yawan bindiga a ƙofa sai ƙara wa baƙo faɗuwar gaba ya ke yi. Abu uku ne. Na ɗaya, ƙofa guda kowa ke bi, baƙi da fari, mai kuɗi da talaka, yaro da tsoho. Na biyu, dokar sananniya ce tun kafin a zo, ba a ƙirƙiro ta a kan fuskar mutum ba. Na uku, da ladabi a ke yi, a gaishe ka kafin a taɓa kayanka, a gode maka bayan an gama. Bincike in ya game kowa ya zama rigakafi, in kuwa aka zaɓi wani aka bar wani, shi ne ya ke zama cin mutunci. Kakanninmu ma da suka kewaye birane da ganuwa suka naɗa sarkin ƙofa, ba don ƙin baƙo suka yi ba, don na ciki ya yi barci ne, har da baƙon da ya riga ya shigo. Da na ga yara suna guje-guje gaban dogon ginin nan mai kama da fadar sarakunan Turai, iyayensu na zaune suna hira, dare ya yi ana wasan wuta a sama, ƙara kamar ta igwa amma ba wanda ya razana, sai na gane wannan sakin jiki daga ƙofa ya faro.

Amma fa kada kowa ya ɗauka ƙofa ta gama kome. Ita ƙofa, abin da aka riga aka yi tunaninsa kaɗai ta ke tarewa. Ran 12 ga Yuni 2016, wata shida bayan kafa na'urorin nan, wani ɗan bindiga ya kashe mutum 49 a wani gidan rawa cikin birnin Olando, hankalin kowa ya koma kan makami. Bayan kwana biyu tak, ran 14 ga wata da dare, wani yaro ɗan shekara 2 yana wasa a bakin tafkin nan da jirgin fito ke ratsawa, gaban ɗaya daga manyan masaukan, sai kada ya fito ya ja shi cikin ruwa, ya rasu. Akwai alluna masu hana iyo a wurin, amma ba su ambaci kada ba, alhali kuwa kadojin jihar Fulorida sun fi miliyan ɗaya, baƙo daga nesa kuma ba lalle ya san haka ba. Bayan wannan aka kafa shingen igiya da duwatsu a bakin ruwa, aka sa sababbin alluna masu gargaɗi a kan kada da macizai. Ana tsaron ƙofa, ajali ya ɓullo ta ruwa. Allah ya ba iyayensa haƙuri.

Saboda haka ga shawarata ga duk wanda Allah ya nufa da zuwa can, ko wani wuri mai kama da shi. Ya karanta dokokin ƙofa kafin ya ɗaura kaya, ya bar wuƙar yankan farce da ta ɓare lemo a masauki, ya rage tarkacen jaka. In na'ura ta nuna shi kada ya ɓata rai, ya tuna an nuna dubu kafin shi. Da an shiga, ya nuna wa yara ma'aikatan wurin, waɗanda kowannensu ke da ɗan allon suna a ƙirji, ya ce musu in sun ɓace su tsaya wajen irin waɗannan, gama akwai ɗaki a kowane fili inda a ke kai yaran da suka rabu da iyayensu. Ya rubuta lambar wayarsa ya sa a aljihun kowane yaro. Ya kula da zafin rana, don daga Yuni zuwa Satumba zafin Fulorida da gumi ba wasa ba ne, a yawaita shan ruwa, akwai kuma ɗakin magani da ma'aikatan jinya a kowane fili. In hadari ya taso da tsawa, a kan tsai da wasannin da ke sarari har ya wuce, sai a nemi mafaka a yi haƙuri. Bakin ruwa kuwa, musamman da almuru, a riƙe hannun yaro. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Daga ƙarshe ina jan hankalin masu gidajen wasan yara da wuraren shaƙatawa na ƙasarmu, waɗanda kan cika maƙil ran Salla. Na'ura mai tsada ba kowa ke iya sayenta ba, amma duba kowa daidai wa daida, da rubuta doka a bakin ƙofa, da sa mace ta duba mata, da sakin fuska ga baƙo, da kewaya wuri a nemi haɗarin da ba a yi zato ba, waɗannan ba su bukatar ko kwabo. Mu kuma masu shiga, mu daina cewa mai gadi bai san ko mu su wane ne ba. Dakatawar minti ɗaya a ƙofa ta fi kukan shekara.

Allah ya tsare mu da zuriyarmu, a gida da daji, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Matafiyi mai karanta jaridarka.