Masu gadin Pea Island

Ban ga teku da idona ba sai da na haura shekara talatin, a Kwatano, kuma ban bari ruwan ya wuce mini idon sawu ba. Ni ɗan Maradi ne; ruwan da na sani shi ne gulbi, mai cika da damina ya koma rairayi da rani. Shi ya sa na yi mamakin kaina da labarin wata tashar ceto ta gaɓar tekun Amurka ya hana ni barci. Na ci karo da shi ne ina shirya darasin Faransanci a kan haɗarin jiragen ruwa, ina neman misalin mutanen da aikinsu shi ne tsamo waɗanda teku ya ci.

Sunan wurin Pea Island, wani zirin rairayi a jihar Karolina ta Arewa, yankin da jirage suka sha halaka a cikinsa har ake ce masa maƙabartar Atlantika. A shekarun 1870 gwamnati ta jera tashoshin ceto a wannan gaɓa, kowace da shugabanta da ƴan ma'aikata. A ƙarshen 1879 wani jirgi ya tarwatse kusa da Pea Island, mutum huɗu suka mutu, bincike kuma ya gano sakacin masu tsaron. Aka sallami shugaban, a 1880 aka naɗa Richard Etheridge. An haife shi cikin bauta a 1842, ya yi soja a ɓangaren Arewa lokacin yaƙin basasa, kuma shi ne baƙar fata na farko da aka danƙa wa irin wannan tasha. Da yake an san farare ba za su bi umarninsa ba, sai aka mayar da su wasu tashoshi, aka tattaro masa baƙaƙe. Bayan ƴan watanni tashar ta ƙone ƙurmus. An yi zargin da gangan ne, ba a hukunta kowa ba, aka sake gini.

Yawancin aikin jira ne. Da dare mutum ya bi gaɓa a ƙasa cikin sanyi, idonsa a kan ruwa, ya dawo bai ga kome ba. Da rana a tura kwalekwale, a harba ƙaramar igwar da ke jefa igiya zuwa jirgi, a nannaɗe igiyar, a sake. Etheridge ya yi suna wajen tsanani a wannan horo, domin ya san kuskure ɗaya ya isa a ce baƙi bai iya ba.

Ranar 11 ga Oktoba 1896 guguwa ta jefa jirgin E. S. Newman kan rairayi. Iska ta yi ƙarfi har Etheridge ya dakatar da sintiri, amma Theodore Meekins, wanda ke kan gadi, ya hango ɗan hasken neman agaji. Da suka isa, teku ya mamaye gaɓar, babu busasshen wurin kafa igwa. Sai Etheridge ya sa aka ɗaure biyu daga cikin mutanensa da igiya, suka faɗa ruwa, sauran suna riƙe da bakinta. Suna canjin hannu, suna komawa, har suka fito da mutum tara: matuƙin, matarsa, ƙaramin ɗansu da ma'aikata shida. A wannan shekara ce kotun ƙolin Amurka ta halatta wariyar launi a wuraren jama'a. Waɗanda doka ta yarda a hana su zama taragon jirgin ƙasa ɗaya da farare su ne suka shiga ruwan.

Ba a ba su lambar yabo ba. Etheridge ya rasu a 1900 yana kan aiki, an rufe tashar a 1947. Sai a 1996, bayan wasu masu bincike da wata yarinya ƴar makaranta sun tono labarin, aka ba su lambar zinariya, jikoki suka halarta a madadinsu.

A nan ne labarin ya shigo gidanmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, maigadi ne; ya fi shekara ashirin yana kwana a bakin sito na wani ɗan kasuwa, da tocila da sanda da bargo. Ina kolej, duk lokacin da aka ba mu takardar rubuta sana'ar uba, manomi nake sawa. Ba a taɓa fasa siton nan ba, don haka ban ga aikin da ya yi ba. Yanzu na gane daren 1896 bai faɗo daga sama ba: shekara goma sha shida na dararen da ba abin da ya faru su suka haife shi. Baba bai sami irin wannan dare ba, amma yana wurin, ido biyu.

Da na ba ɗalibaina labarin, wani ya ce: «Malam, da jirgin bai zo ba fa?» Na ce da ba mu san sunansu ba, ke nan. Sannan na tambayi kowa sana'ar mahaifinsa, kuma ni na fara faɗa.